Littafin da Aka Kawo Ɗinki

Malam Ladan na Bodinga ya kawo shi cikin leda,
bango ya rabu da jiki, gara ta ci gefe.
Ya ce da Baba, a sa masa jar fata,
ta akuyar nan tamu, sai Laraba.

Rumfarmu a Madunka, rana tsaka,
kwanon rufi na ƙara kamar ana toya shi.
Baba ya juya littafin a gwiwa.
"Kulu, mi aƙ ƙunshe cikinai?"
Na ce tarihin Ingila ne, na can da.
"To karanta, in ji abin da ni ka ruhewa."

Na buɗe inda zare ya saki.
Gada ce a birnin Landan,
da kawunan mutane a tsire kan masu,
an tafasa su, an shafe da kwalta don su daɗe,
a ƙarƙashi mata na wucewa da kwandon kifi.
Baba ya ce, ashe su ma sun san jima.
Bai yi dariya ba.

Shekarar annoba:
kaluluwa a hammata, baƙa, kamar ƙwai.
A kulle gida da mai rai da mai shirin tafiya,
jar alama a ƙofa, mai gadi a waje,
da dare amalanke ya bi lungu,
rami ɗaya, ba wanka.

Aka tashi ƙauye don tumaki su samu makiyaya.
Masu gonar suka bi hanya da yunwa,
sai doka ta ce yawo laifi ne:
bulala, sannan ƙarfe mai zafi ta cikin kunne.
Baba ya dubi basillar hannunsa,
ya ajiye ta a tabarma.

Can gaba akwai zane.
Tsohuwa ce, saniyar maƙwabci ta mutu.
Sun ɗaure mata yatsan hannu da na ƙafa,
sun jefa ta a kududdufi.
In ta taso mayya ce, igiya na jira.
In ta nutse, to, ta yi gaskiya.
Gari duk ya fito, har da yaro a kafaɗa.

"Mi as sunanta?"
Na duba sama, na duba ƙasa.
Sunan alƙali na nan,
ladan mai rataya na nan, har kwabo.
Na ce, Baba, ba su rubuta ba.

Ya daɗe yana gogar fatar da tafin hannu,
jan karan dafi na hawa yatsunsa.
Keke Napep ya wuce, ƙura ta kwanta.
Sannan ya ce,
akwai wata a shiyarmu, ina ɗan shekara tara,
mai saida daddawa bakin rijiya.
Jaririn gidan liman ya rasu,
kafin la'asar an ce ita ce.
Ta bi hanyar Kwalkwalawa da zane ɗaya,
yara na binta.
"Dutsena ya same ta nan."
Ya taɓa bayan kunnensa.

Ban san inda zan sa idona ba,
na mayar da shi kan tsohuwar Ingila.

Ya fere fatar har ta yi laushin kunnen jariri.
Kafin ya shafa ƙaro
ya jawo tawada, ya juya ta ciki,
ya rubuta da ajami, ƙanana:
Tamakka.
Ya hura ya bushe. Ya manne. Ya danne da dutse.

Laraba Malam Ladan ya zo,
ya shafa bango, ya sunsuna,
ya ce kamar yau aka buga shi.
Ya biya, har da na goro,
ya ɗaure shi a bayan babur da roba.
Muka bi shi da kallo har kwana,
su biyun suna tafiya Bodinga.