Ciwon Litinin

Kowace Litinin sai cikin Nayra ya murɗa.
Ran Asabar kuwa garau,
tana kora tumaki har bakin Titikaka.

Kakarta Eusebia ta dafa ganyen muña,
ta ɗaure mata ciki da mayafin ulu.
Na kai ta asibitin Puno.
Likita ya danna nan, ya danna can,
ya ce, "Don Faustino, ban ga komai ba."
Muka biya kuɗin mota, muka dawo da ciwonmu.

Daren jiya muna ɓare wake,
ban tambaye ta ba, na gaji da tambaya,
sai ta ce wa kwanon, ba ni ba:
"Yesenia ta koma Arekipa.
Bencinmu na mutum biyu ne.
Jakata nake ajiyewa a wurinta."

Ni da nake gane tarin tunkiya daga nesa,
wata biyu cur ban ji wannan ba.

Yau na raka ta ƙofar aji.
Cikin bai daina ba, in ji ta,
ya dai ɗan matsa gefe.
Ta ce in sayo mata ambulan.