Rigar Madam Tolliver

Da la'asar yaron otal ya zo Obalende,
wai a zo da tela, da allura, da shuɗin zare,
rigar baƙuwa ta ɓarke a hammata.
Na rufe kekena na bi shi.

Doguwa ce, baƙa, furfura na leƙowa ta bayan kunne.
Ta ce, "Ernestine Tolliver."
Na waiga ina neman namijin da ya yi magana.
Ta yi dariya. Ta saba.

Na juya rigar ciki waje a kan gwiwata.
Tela ba ya tambaya, ɗinki ke ba shi labari.
Ga wani nan na hannu, ƙanana kamar sahun tururuwa.
Ta ce na uwarta ne, mai wankau a Jojiya,
wadda sabulu ya cinye wa zanen yatsu.
A coci, in ji ta, cikin maza aka tsayar da ita,
don babu yarinyar da ke sauka inda take sauka.
Tsofaffi suka yi karo-karo a gwangwani
aka biya malamin murya wata shida.

Ga wani na inji, miƙaƙƙe, mai girman kai: Faris.
Ga wani na gaggawa, karkatacce, da baƙin zare.
Nan ta yi shiru.
Can ta ce: wani gari ne a ƙasarta,
mutum dubu biyu suka miƙe suna yi mata tafi,
amma ta ƙofar kicin ta shiga, ta nan ta fita,
ƙusa ta kama rigar a tsakanin buhunan dankali.
Da kanta ta ɗinke, a tashar jirgin ƙasa,
don babu masaukin da ya karɓe ta.

Sau uku an buɗa rigar nan, sau ɗaya an rage.
Ban tambayi shekarar ragin ba.

Da dare na laɓe bayan labule, allura a wuyan rigata,
ko da za a sake nemana.
Mai fiyano ya taɓa. Ta ja numfashi,
na ga ɗinkina ya miƙe, na riƙe nawa numfashin.

Ka san kukan jirgin ruwa a Apapa da asuba,
wanda ƙirji ke ji kafin kunne?
To, a ce ya koyi tausayi.
Ban san yaren ba. Tafin ƙafata ya sani.
Ana tsaka da haka wuta ta ɗauke.
Ba ta tsaya ba.
Cikin duhu muryar ta yi faɗi kamar lagun a damina,
wata Bayarabiya kusa da ni tana share hanci da gefen gyale.

Ɗinkin bai saki ba.

Fam ɗaya ta ba ni, na ce ya yi yawa,
ta ce zaren ne ke da tsada.

Yau idona bai ganin kafar allura,
ita kuwa ban sake jin ɗuriyarta ba.
Amma rigar na nan a wani akwati, a wani wuri.
Duk wanda ya juya ta zai gani:
tsakanin hannun uwarta da injin Faris,
taƙi guda na shuɗin zare,
Legas.