Turke a Ƙasa da Sifili

Ulanbatar, ƙarfe takwas, gari bai waye ba.
Gashin idon Solongo ya yi ƙanƙara a hanya,
yanzu yana ɗiga kan takardarta.

Malama Oyunbileg ta ja sanduna biyu a allo:
|x + 20| < 7.
Ta ce, "Sandunan nan ba ruwansu da hagu ko dama,
nisa kawai suke tambaya."

Solongo ta cire ashirin, ta samu debe sha uku,
ta ajiye biro.
Malama ta tsaya a kanta tana hura hannu:
"Rabin amsa ke nan.
Igiyar doki gabas kaɗai take kaiwa?"

Sai ta tuna dokin kakanta a ɗaure,
yadda yake tattake ƙanƙara ta kowane gefe,
taku bakwai nan, taku bakwai can,
turke yana inda yake.

Ta kafa nata a debe ashirin.
Bakwai sama: debe sha uku.
Bakwai ƙasa, inda sanyi ke cizon kunne:
debe ashirin da bakwai.
Ta zana da'ira biyu, ba ta cike cikinsu ba.

Daga baya Temuulen ya ce, "In alamar ta juya baki fa?"
"To, doki ya tsinke.
Ka neme shi can ko can,
ban da tsakiya."

A taga, ma'aunin sanyi na nuna debe ashirin da huɗu.
Solongo ta leƙa, ta duba layinta.
Ashe safiyar yau ma tana cikin amsar.