Ba Lokacin Ɓaure Ba Ne

Laraba ce, bayan addu'ar yamma,
wuta ta ɗauke a unguwar Zariya.
Muka rage mu bakwai a rumfar majami'a
da fitilar salula guda a kan benci.
Filibus ke karatu, yatsansa na bin layi:
Ubangiji ya ji yunwa a hanya,
ya hangi ɓaure ya sha ganye, ya je, ba ɗa ko ɗaya,
ya yi masa baki, kafin wayewar gari ya bushe har saiwa.
Yaron ya tsaya, ya matso da fitila,
don mai rubutun bai ɓoye komai ba:
ashe ba lokacin ƴaƴan ɓaure ba ne.

Tsoho Ɗan Jimo ne ya fara gyaran murya.
Shekara arba'in yana ban ruwa a bakin Gulbi,
tafin hannunsa kamar bayan kunkuru.
Ya ce, "Ni ban yi lakwal ba,
amma ban taɓa zuwa gindin mangwaro da kaka
in zage shi don bai ba ni ba.
Mi iccen ga ya yi?"

Malam Barnaba ya cire tabarau.
Ya ce, "Baba, ba icce ake nufi ba.
Ganye shi ne baki, ɗa shi ne aiki.
Mu ake nufi, masu addini a leɓe."
Tsoho ya ce, "To an ƙyale jaki ana dukan taiki ke nan."
Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta da sauri.
Malam ya ce wanda ya yi ganye kafin ƴan'uwansa
ya ɗauki alkawari, ya kira mai yunwa daga nesa.
Lidiya ta asibiti ta ce a bar zancen,
tulu ba ya kai maginiya ƙara.
Tsoho ya ce shi ba ƙara ya kawo ba,
tambaya ce, kuma ɗa yakan tambayi ubansa.

Sauro na ta cin ƙafafunmu.
A waje kabu-kabu ya wuce da buhun gawayi.

Sai Inna Tabita, wadda ba ta taɓa magana a taro ba,
ta ce, "Sau uku ana wa'azin wurin nan ina zaune,
sau uku mata na juyowa su dube ni."
Shekara ashirin da biyu da aure, ba ta taɓa goyon nata ba.
Ta ce, "Ni ma ganye gare ni.
Ku gaya mini, Malam, inuwa ba a lissafa ta?"
Filibus ya sunkuyar da kai.
A bayanta ya girma, tun yana wata biyar.

Malam ya buɗe baki, ya rufe.
Ya yi ta juya shafi har ya kai wani wuri
inda mai lambu ke roƙon ubangidansa:
a ƙara wa ɓaure shekara, zai yi masa kaftu, ya zuba taki.
Tsoho ya ce, "Yauwa, wannan na san shi."
Malam ya ce, "Bakin da ya faɗi wannan
shi ya busar da wancan.
Yadda suka haɗu, Inna, ban sani ba."
Ban taɓa jin ya ce haka ba.

Wuta ta dawo, muka ga fuskokin juna,
kowa ya hau neman takalminsa.
Filibus ya ɗaukar wa Inna kujerarta ta roba,
suka bi ta bayan kasuwa.
Ni na tsaya kulle ƙofa,
ina jin Tsoho da Malam can bakin titi
sun sake ɗauko zancen daga farko.