Zaɓi Uku a Filin Akoka

Ƙwallon nan siffar gwanda gare ta,
tsini biyu, ɗinki a ciki,
in ta faɗi ba ta shawara da kowa.
Ita muke bi ran Asabar a Akoka,
bayan ruwa ya mai da fili kunun kanwa.

Koci Ajibola ya zo da waya mai faɗin faranti,
yana shafa ta da yatsa:
"Sallau, an bar ka a tasha.
Yanzu sama ake bi,
yadi arba'in a numfashi ɗaya.
Zaɓi ukun nan naka
tare da kaset aka binne shi."

Na ce to.
Na ci gaba da ɗaure igiyar takalmi.

Abin ba wuya a baki.
Mutum ɗaya za ka bari, kada kowa ya tare shi.
Ka sa ƙwallo a cikin ɗan'uwanka,
ido yana kan kafaɗar wancan.
Ya tsaya, ka sakar wa ɗan'uwa.
Ya rufta ciki, ka zare, ka yi gefe.
Wani ya taso maka, ka cilla wa na bayanka.
Duk inda ya sa ƙafa
can ne bai kamata ya sa ba.

Ni a Ojuwelegba na koya,
shekara tara ina rataye a ƙofar danfo.
Oga Rasaki ba ya kallon titi,
gwiwar ɗan yalo fiba yake karantawa:
ta lanƙwasa hagu, mu mun bi dama,
fasinja na salati, ni ina karɓar canji.

Amma Ajibola bai yi ƙarya duka ba.
Masu tsaron yanzu ƙafar barewa gare su,
sun kalle ka a bidiyo sau goma kafin ka karya.
In an ba ka ratar ashirin,
salon nan cin lokaci yake kamar gara.
Madugu kuwa kullum a ƙasa yake,
haƙarƙari ba ya da safaya.
Yaran ma jifa suke so,
don mai neman 'yan wasa daga ƙetare
hannu yake saye, ba ya tambayar ido.

Zagaye na uku ruwa ya dawo.
Ƙwallo ta zama sabulu.
Jifa huɗu, huɗu a taɓo.
Ajibola ya sa wayar a leda,
bai dube ni ba ya ce, "Gwada kayan tsohonka."

Na kira Tanimu, ɗan Idi-Araba,
mai karatun haɗa magunguna,
wanda ba ya iya zaɓar shinkafa ko wake
sai layi ya yi masa tsawa.
Na ce, kafaɗa, Tanimu, kafaɗa kawai.

Ya zare. Ya yi gefe. Ya cilla.
Chidozie ya kwashe yadi goma sha bakwai,
mai sayar da fiya wata ta ajiye roba tana ihu
ba ta san wa ke ci ba.
Karo na biyu ma ya karanta daidai,
ya cilla daidai,
ƙwallon ta zame ta tafi neman mai ita.
Da maki shida aka cinye mu.

Ƙarfe biyun dare, janareton maƙwabci na tari,
Ajibola ya turo min wasan wata jami'a.
Madugunsu ya tsaya nesa, sabuwar riga, sabon suna,
ya sa ƙwallo a cikin ɗan'uwansa
ya zuba wa mutum ɗaya ido.
Ƙarƙashin bidiyon ya rubuta:
"Wannan daban ne."

Ban ba shi amsa ba.
Takalmina na bakin ƙofa, bai bushe ba,
Asabar kuma saura kwana bakwai.