Bolt Tara

A Agege nake, bayan layin dogo,
ina murza ƙullun burodi daga isha'i har assalatu.
In na dawo, jikina na warin yis da hayaƙi,
ban roƙi duniya komai ba sai barcin awa huɗu.

Amma akwai Kaftin,
karen Baba Alani, katanga ɗaya ta raba mu.
Ɗan acaɓa ya gifta, haushi.
Mai tallan ruwan leda, haushi.
Jirgi ya taso daga Ikeja, sai ya ɗaga kai sama
kamar matuƙin ya ci masa bashi.
Sau biyu na yi wa mai shi magana da ladabi.
Ya ce, Malam, kare ne fa, so kake ya yi maka karatu?

A Alaba, Nduka ya miƙo mini ɗan akwati,
bai cika tafin hannu ba.
Ya ce in kare ya buɗe baki, wannan zai mayar masa
da wata siririyar ƙara da kunnen ɗan Adam ba ya kamawa.
Na rataye shi a ƙusa. Kwana uku na san daɗin filo.
A na huɗu batir ya mutu.
Na sake, ya mutu.
Kuɗin batir ya fara leƙa tukunyar miya.

Na ce to, ga rana tana zuba a banza a kan kwano.
Na sayo ƙaramin faifan sola da batir mai caji,
ja da ja, baƙi da baƙi, na yi bismilla na kwanta.
Ƙauri ne ya tashe ni da azahar.
Batir ya kumbura kamar ƙullun da aka manta,
Kaftin kuwa na can yana ta sha'aninsa.

Hansatu ce ta gano,
'yar ƙanwata mai karatun lantarki a Yaba.
Ta zo ran Asabar da mita a jaka,
ta tattare mayafi ta hau tsani,
ta kwala kira daga sama: Kawu, ashirin da ɗaya!
Abin nan tara yake ci, ka juye masa randa a kofin shayi.
Na ce sha biyu aka rubuta a kwali.
Ta ce kwali bai taɓa wuni a ranar Legas ba.

Ta zaro wani abu mai ƙafa uku, bai fi ƙwayar wake ba,
ta narka dalma, ta liƙa,
ta yanko marfin tsohuwar tukunya ta ɗaura masa a baya
don ya sami inda zai sauke zafi.
Ta ce wannan mai gadi ne,
tara ta shiga, saura ta tsaya a waje.
Ta ƙara wani ɗan baƙi mai zobe a wuya:
da dare wuta kan so komawa inda ta fito,
wannan ƙofa ce da ba ta buɗewa ta baya.

Ni da na shekara sha ɗaya a bakin tanda,
na san wutar da ke ƙona ɓawo ta bar ciki ɗanye.
Ban dai zaci rana ma sai an yi mata awo ba.

Yanzu mita na tsayawa cak, ko rana ta take.
Sai a damina, in hadari ya yi kwana uku bai ɗaga ba,
takan zame zuwa bakwai,
Kaftin ya gwada murya sau ɗaya, ya saurara, ya sake.

Abu ɗaya na roƙa ta ƙara kafin ta kama danfo:
makunni.
Don in na ɗauki leda zan fita bayan isha'i,
Ladidi da jaririya su kaɗai ke cikin ɗakin nan,
sakatar kuma ni na san lagonta.
Sai in miƙa hannu in kashe akwatin,
in ƙwanƙwasa katanga sau biyu.
Kafin in kai kwanar masu gasa masara
ina jin sa a bayana, ya fara.