Gobarau

Naira ɗari uku na saye shi a Taminus,
a ƙasa, kan buhu, kusa da takalman gwanjo.
Bangon ya yage. Wani yaro a wata ƙasa
ya sa sunansa da jan biro a shafin farko.
Turancin ciki ya fi ƙarfin Safara'u,
sai na ce, bari kawunki ya yi miki dakonsa,
guga-guga, kamar mai jan ruwa a rijiya mai zurfi.

Kullum bayan lisha, a Unguwar Rogo,
sanyi na rarrafowa ta ƙarƙashin ƙofa.
Ni da fitilar caji da littafin rubutu,
ita a naɗe cikin bargo, sai idanu.

Kalmar farko da ta kayar da ni
wata halitta ce, maciji ba maciji ba,
ga fiffike, ga wuta tana fita ta hanci.
Na ce dodo. Ta ce a'a,
dodo ba ya tashi sama.
Na ce to, ke raɗa masa suna.
Ta yi shiru har shayina ya huce,
sannan ta ce: Gobarau.
Na rubuta. Ban ga malamin da zai gyara ba.

Ƙanƙara ba ta wahalar da mu ba.
'Yar Jos ce, ta ga yadda take huda ganyen kabeji.
Na ce, ɗauka an kai ta inji an niƙa,
tana zubowa shiru kamar garin tuwo.

Malam Tanimu ya leƙo ta katanga:
ƙaryar wasu kake ɗura wa yarinya?
Na ce, Malam, kura da ke magana a bakin kakarka,
a wace kasuwa ka taɓa gaisawa da ita?
Ya yi tsaki. Washegari ya aiko ɗansa ya saurara.

Makon da aka sa dokar hana fita,
manya sun manne kunne da rediyo,
mu muna babi na tara,
inda yarinyar labarin ta tsaya a bakin gada,
gadar da shekara ɗari ba wanda ya haye.
Kawu, tana jin tsoro?
Na ce, ƙwarai.
Amma ta haye?
Na ce, ban fassara wurin ba tukuna.
Ta ce, to yi sauri, ta gaji da tsayuwa.

Da aka buɗe makaranta littafin ya ɓace.
Ashe Kachollom, abokiyar zamanta a benci,
ta tafi da shi gidansu a Kabong,
unguwar da na yi shekara goma sha ɗaya
ina kewaye ta a kan babur.
Rubutuna ya kwana uku a can, lafiya lau.
Ya dawo da ɗigon manja a shafi na ashirin,
da zanen Gobarau kwance kan duwatsun Shere,
da tambaya a ƙasa, da fensir:
ina sauran?

Yanzu in mun bi hanyar Lamingo
takan taɓa direba: a hankali, barci yake yi.
Duwatsun da na gani tun ina yaro, duwatsu kawai,
sun yi ƙashin baya, sun yi numfashi.

Jiya na tarar ta tsage takarda biyu
daga tsakiyar littafin lissafi.
Labarin wani tsohon ramin kuza take rubutawa,
wai akwai gari a ƙarƙashin koren ruwan,
masu haƙar da ba su dawo ba suna kiwon kifin azurfa.
Ba ta ɗago kai ba ta ce:
Kawu, in na gama,
wa zai juya wa yaron nan mai jan biro?